Amsar Mai Gwanjo

Zulaihatu ta iske Hamajoɗa a rumfarsa ta gwanjo a kasuwar Jimeta, yana ɗinke maɓallin wata tsohuwar kwat. Tun da mijinta soja ya mutu a yaƙin basasa, shi kaɗai ya nemi aurenta.

"Hamma, ka yi wa Dada maganar?" ta tambaya, tana nufin mahaifiyarsa.

Bai ɗago ba. "Na yi."

"To?"

Ya daɗe yana juya allurar. "Ta ce in sayar da gwanjo tunda sana'ata ce, amma kada in kawo mata gwanjo gida."

Idanun Zulaihatu suka cika, amma ba ta bari hawayen ya zubo ba.

"Kullum kai ke gaya wa masu saye riga mai ƙwari ba ta lalacewa don wani ya taɓa sa ta. Kai ke cewa wauta ce a bar ta a bi sabuwa. Ka faɗa mata haka?"

Ya ajiye allurar. Can ya ce, "Uwata ce, Zulai."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta gyara mayafinta.

"Allah ya ba da kasuwa, Malam."

Ya bi ta da ido har ta ɓace cikin jama'a. Bai kira ta ba.