Ɗoyin Bene na Biyu

Labaran ya jingina da ƙofar ɗakinsa a Tottenham, mai gidan haya yana dukanta.

"Ko ka fitar da wannan ɗoyin, ko ka kwashe kayanka."

Kowa a benen shi yake harara, ɗalibin da gwamnati ta turo karatu, mai miya da daddawa. Ya zubar da daddawar, ya bar taga a buɗe cikin sanyi. Ɗoyin sai ƙaruwa yake.

Da safe ya lura da kwalaben madarar da ake kawowa kullum sun taru, ba a ɗauka ba, a ƙofar maƙwabcinsa, tsoho Albert, wanda ya hana shi ƙwanƙwasa masa don gaisuwa. "Nan ba a haka," ya taɓa ce masa.

Labaran ya ƙwanƙwasa. Shiru. Ya sunkuya ya shaƙi iskar ramin makulli.

Ba daddawa ba ce.