Jan Goron da ke Komawa Hula

Shekara goma sha tara Malam Abdulganiyu yana shiga ajin sababbin ɗalibai a jami'a da goro huɗu a aljihu: uku farare, ɗaya ja. Lissafi yake koyarwa da ilimin halittu, kuma da goron nan yake ɗinke darussan biyu. Sai ya cire hula ya zuba su ciki, ya ce wani ya rufe ido ya zaro.

"In uwa da uba duka suna ɗauke da jinin sikila, kowane ciki haka yake," in ji shi. "Jan nan shi ne ciwon. Ku buɗe kunne da kyau: ko an zaro shi, mayar da shi ake yi. Ciki na gaba ma yana nan yana jira."

Ɗalibai su yi dariya, su rubuta, su ci jarrabawa. Dubbai sun bi ta hannunsa. Amma a gidansu na Nguru, goron nan bai taɓa fitowa daga aljihu ba.

Raliya ce 'yarsa ta fari. Tun yaye ya ba yayansa Alhaji Wakili, mai sayar da hatsi, riƙonta. Kunyar 'yar fari ta sa ko sunanta ba ya kira, sai dai "yarinyar nan". A 1997 ta daidaita da Sabitu, ɗan ƙanwarsu da ke Gashuwa, dangi suka yi ta murna.

Malam ya san shi kansa yana ɗauke da jinin sikila. Ya kuma san ƙannen Sabitu biyu da aka binne da abin da gida ke kira ciwon ƙashi. Tun daga tasha ya tsara yadda zai ce a yi gwaji, da ya isa zauren yayansa sai ya haɗiye maganar. Uban da ya ba da riƙo, me zai ce a aure? A ce ya raina Yaya? A ce boko ya sa yana ƙyamar jinin ƙanwarsa? Ya yi shiru, aka yaba da kawaicinsa.

Ɗansu na fari, Mahfuz, yana wata takwas hannuwansa suka kumbura, kuka ba tsayawa. Likita ya ce sikila ce. Malam ya zo dubiya ya tarar da yayansa yana kwantar wa Sabitu hankali.

"Kai, ɗaga kanka! Likita ya ce ɗaya ne cikin huɗu. To ga ɗayan, ya ɗauke wa ƙannensa. Uku masu zuwa lafiya lau." Ya juyo yana murmushi. "Ko ba haka ba, malamin lissafi? In na yi kuskure ka ja min jan biro."

Da ɗalibi ne ya rubuta haka, sifili zai samu. Malam ya dubi furfurar yayansa, ya dubi fuskar Sabitu da ta fara sakewa, ya hango inuwar Raliya a bayan labule tana saurare.

"Allah ya sa haka, Yaya," ya ce.

Wannan jimlar Raliya ta riƙe. Ai mai ilimin ya faɗa. Da ta haifi Afra, yarinya ta fara zazzaɓi da kukan gaɓoɓi, sai ta ce haƙori ne, tunda Mahfuz ya riga ya ɗauke. Wata biyar aka yi ana jiƙe-jiƙe kafin a kai ta asibiti. Mahfuz ya rasu a daminar 2003. Afra ta bi shi bayan shekara biyu, idanunta sun yi rawaya, jini ya ƙare kafin a samu mai bayarwa.

Ranar sadakar uku Malam yana zaune a tabarmar gaisuwa a Gashuwa aka ce ana kiransa cikin gida. Ya tarar da Raliya ita kaɗai, ta rame, ga tsohon ciki. Ba ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba ba. Ta kwance bakin mayafinta ta jera goro huɗu a gabansa. Uku farare, ɗaya ja.

"Baba Malam, wata ma'aikaciyar jinya, Hajjo, ita ta nuna min wannan ranar da Afra ta cika. Ta ce jan komawa yake yi. Ta ce da an san haka, da tun tana jaririya an gwada ta, an fara kula da ita." Ta dube shi. "Na ce a ina ta koya. Ta ce wani malami ne a jami'a, ɗan Nguru, ba ta taɓa ganin mai iya bayani irinsa ba. Har hula yake cirewa."

Malam ya tsura wa goron ido.

"'Ya'yan mutane ka cire musu hula. Ni fa?"

"Raliya..."

"Yau ka kira sunana," ta ce. Ta ɗauki jan goron ta ɗora a tafin hannunsa, ta dafa cikinta. "To faɗa min, wannan wanne zai zaro?"

Mutumin da ya amsa tambayoyin dubban ɗalibai ya zauna yana kuka, don ya san amsar: babu wanda ya sani.

'Yan'uwa masu ilimi, har yaushe? Rai da ajali na Allah ne, amma shirunmu namu ne, kuma za a tambaye mu. Kawaicin da zai kai yaro kabari ba tarbiyya ba ce, tsoro ne. A yi gwajin jini kafin aure, kuma abin da ka sani ka fara faɗa wa na gida, da harshen da suke ji, ko da ran manya zai ɓaci.