Ba Wanda Ya Tambayi Taiba

Taiba na zaune a kan benci a ƙofar ofishin ƙungiya a Talata Mafara, tana jiran a kira sunanta. Ranar tantance ma'aikata ce. Ƙungiyar da ta buɗe ɗakunan karatu a Mafara da Bakura da Maradun ta mayar da aikinta kan kwamfuta, ta kuma yanke cewa mutum ɗaya za a bari a kowane reshe, wato wanda ya halarci horon da aka yi a Sakkwato.

Taiba ba ta halarta ba. Ba ta ma san an yi ba sai da aka gama.

Ita ce ke riƙe da reshen Maradun tun babu komai a cikinsa sai kantar littattafai da tabarma. Aikin laburare ta karanta, tana da difloma a kai. Kullum daga garin Kaya take shigo mota ta zo aiki, ko da daɗin hanya ko babu. Saboda ita ne iyaye suka saki jiki suka bar 'yan matansu suna zuwa karatu bayan an tashi makaranta, don sun san mace ce a wurin.

Abokin aikinta Yasir bara aka ɗauke shi, ita ta koya masa yadda ake jera littattafai. Da ya yi kwanaki ba ya zuwa, ta ɗauka hutu ya karɓa. Sai ga shi ya dawo da takardar shaidar horo, yana ta sunkuyar da kai.

Aka kira ta. A ciki akwai Hajiya Gimbiya, shugabar kwamitin tantancewa, da Malam Gajere mai kula da rassan uku. Aka gaisa, aka tambayi gida da yara da gajiyar hanya, Taiba tana amsawa.

Hajiya Gimbiya ta ce, "Malama Taiba, an shaida muna cewa an yi miki tayin horo, kin ce ba ki zuwa."

Taiba ta dafe ƙirji. "Ni, Hajiya? Wallahi ba wanda ya hwaɗa min. Wa ya ce na ƙiya?"

Hajiya ta juya ta dubi Malam Gajere. Shi kuwa ya gyara hula, ya yi gyaran murya. Malam Gajere ba mugu ba ne, amma yana da irin tausayin nan da ba ya rage wa mai shi komai, sai dai ya rage wa wanda aka tausaya wa.

Ya ce, "To, ba wai ta ƙiya da bakinta ba, Hajiya. Ni na duba mata. Mace ce, ga goyo, ga hanya yadda ta koma. In wani abu ya same ta, mi zan ce ma maigidanta? Taiba ɗiyata ce, tausayinta na ji."

Idon Taiba ya kawo ruwa, amma ta daure. "Baba Gajere, hanyar da nike bi kullum daga Kaya, ita ba hanya ba ce? Ban taɓa jin ka ce in zauna gida don tausayi ba. Maigidana da kanshi ya ce duk randa anka kira ni horo, shi za ya raka ni. Ƙanwata na aure Sakkwato, wurin sauka bai gagare ni ba. Da ka tambaye ni, Baba. Tambaya kawai."

Malam Gajere ya shiga kallon silin.

Taiba ta matso gaban tebur. "Hajiya, a ba ni dama in yi na gaba. Ko da kaina ne, zan tai."

Hajiya Gimbiya ta dube ta. Ta ce, "Raina ya ɓaci da abin da na ji, ɗiyata. Amma waɗanda sunka ba mu kwamfutocin sun kafa sharaɗi, sai mai shaidar horo za ya riƙe su, kuma ba wani horon nan kusa. Ba ni da ikon sake wannan. Yasir za mu bari."

Taiba ta ciro mabuɗin reshen Maradun daga jaka, ta ajiye a kan tebur. Ba ta iya yin sallama ba, ta fita.

Abin bai tsaya a kanta ba. Yasir ya yi iya ƙoƙarinsa, amma iyaye da suka ji babu mace a ɗakin karatun, sai suka janye 'ya'yansu mata ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ke shirin jarrabawar fita sakandare suka koma gida, inda babu littafi, babu mai nuna musu. Kwamfutocin suna nan an lulluɓe rabinsu da zane.

Taiba tana Kaya, ta nemi aiki har ta gaji, ko'ina sai a tambaye ta shaidar horon zamani. Abin da ya fi ba ni haushi, har yau Malam Gajere in ya zauna a majalisa yakan ce shi ya tsare yarinyar nan daga haɗarin hanya.

Jama'a, musamman shugabanni a wuraren aiki, idan damar ƙarin ilimi ta zo, ku sanar da duk wanda ya cancanta, mace ko namiji, ku bar shi ya zaɓa da bakinsa. Yanke wa mutum hukunci ba tare da an tambaye shi ba zalunci ne, ko da an kira shi tausayi.