Halliru a Ɗakin Gwaji

Ƙofar ƙarfen na rufuwa a bayansa, Halliru ya gane an fara jarrabawar.

Injiniyan lantarki ne, ɗan Fagge, mai kafa farantan sola a Dubai. Ya nemi aiki a wata tashar bincike da ke can ƙarshen kudancin duniya, inda ƙanƙara ce ƙasa, ba janareta, ba hayaƙi, sai rana da iska. An kira shi intabiyu a unguwar Al Qusais, nan cikin Dubai. Matarsa Sa'adiya kuwa tuni ta shaida wa dangi har Kano cewa ya samu.

Da ya iso layin sito-siton, ya tambayi mai gadi ina masu aikin ƙanƙara. Mutumin ya nuna masa wata ƙofar ƙarfe da haɓa, ya ce da Larabci, "Yalla," wato ya wuce.

Ɗakin ba kujera, ba tebur. Sanyi kamar ana yanka kunne. Kwalaye jibge har rufi, guzurin tasha ke nan, in ji shi a ransa. A lungu ga kyamara tana ƙyafta jan ido.

Halliru ya gyara taye, ya fuskance ta. Ya yi bayanin yadda ake lallaɓa batir idan rana ta ɓace wata da watanni. Ya yi na injin iska. Haƙoransa na kaɗawa, bai fasa ba.

Can aka buga ƙofa. "Habibi, fito!"

Tarko ne, ya sani. Wanda ya fito ai ya faɗi. Ya danne ƙofar da kafaɗa, ya ɗaga murya ya shiga batun narka ƙanƙara a sha.

Gashin bakinsa ya yi fari. Yatsunsa suka daina jin magana. Ya tuna Sa'adiya da dangi, ya ƙara dannewa.

Sai da ƙarti suka haɗu suka banko ƙofar, suka fito da shi a sanƙame kamar allon guga. Wani dattijo mai hular Kano ya lulluɓa masa babbar rigarsa.

"Na ci, ranka ya daɗe?" Halliru ya tambaya da ƙyar.

"Sunana Alhaji Salmanu," in ji dattijon. "Wallahi ɗana, bayaninka ya burge mu, duk mun kalla a ofis. Amma Turawan da kake nema suna sito na gaba, sun ma tashi. Nan firjin kajina ne."