Cokalin Man Shanu

Matso kusa ka ji, abin nan ya hana ni zama tun safe.

Ina 'yar shekara bakwai, a gidanmu na Farcha, wata la'asar Inna ta narka man shanu. Dihin bagar, in ji Larabawan da ke kawo mana shi a kwalba. Har yau in na ji ƙamshinsa sai tarin Baba ya dawo mini kunne, tarin fukan nan da ya mayar da shi kamar kara.

Ta cika cokali ta miƙa masa. Ya kau da kai.

"Ke dai so kike ki soya ni da raina."

"Sha, Malam. Sojojin jiki ba sa yaƙi da yunwa."

Ya shanye yana yamutsa fuska. Na kai hannu zan lashe cokalin, Inna ta buge ni.

Yanzu ɗana Sani ke wannan tarin, yana shan maganin asibiti ba fashi. Jiya 'yata mai karatun jinya ta gan ni da kwalba, ta ce, "Mama, mai iri-iri ne fa. Wani yana taimakon sojojin, amma ƙwayar cutar nan cikin sojan take ɓuya, kuma ita ma kitse take ci."

Na ɗora tukunya, na sauke, na sake ɗorawa. Ga mai ya narke, ga Sani yana tari a zaure. To kai gaya mini, ranar nan wa Inna ta ciyar, sojan ko ɓarawon da ke cikinsa?