Man Bazara a Watan Janairu

Ƙarfe takwas da kwata na safe aka kira Raimo Kemppainen daga gidan kula da tsofaffi da ke Kuusamo. Wata ma'aikaciyar jinya ce mai suna Marjut. Ta ce numfashin mahaifiyarsa ya canza tun asuba, idan yana so ya same ta da rai, ya taho yanzu.

Daga ƙauyensu zuwa garin kilomita tamanin ne, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Ƙanwarsa Sirkka tana Helsinki, ko jirgin sama ta hau ba za ta iso ba sai yamma. Tun bara su biyun suka gama magana cewa tsohuwar ba za ta cika babu ɗanta a kusa ba, kuma shi ne na kusa.

Ya zura takalmi ya fita, bai ko ɗaure igiya ba. Ma'aunin sanyi da ke jikin taga yana nuna talatin da ɗaya ƙasa da sifili. Motar ta kwana a jone da wayar ɗumama inji, kamar motar kowa. Ya cire wayar, ya murɗa makulli, ta tashi. Ya ja baya, bai kai bakin titi ba ta yi tari sau biyu ta mutu.

Ya sake murɗawa. Injin ya juya, bai kama ba. Ya fito ya zagaya motar, ya koma ciki, ya murɗa, ya taka totur, ya duba agogo, ya sake murɗawa. A karo na goma sha wani abu injin ya daina juyawa gaba ɗaya. Batir ma ya ƙare.

Ya kira tasi ɗaya tilo da ke yankin. Matar da ke tuƙa ta ta ce ta kai wani mara lafiya can wajen Oulu, ba za ta dawo ba sai bayan azahar. Sai ya ruga gidan maƙwabcinsa Onni, wani dattijo da ya yi shekara talatin yana gyaran manyan motocin ɗaukar katako. Matar Onni ta tafi aiki da motarsu tun ƙarfe bakwai. Tarakta kawai ta rage.

Onni ya zo ya buɗe bonet, ya kwance matacin mai, ya haska shi da tocila. Abin da ke ciki ya yi fari ya daskare kamar kitsen miyar da ta kwana.

"Wane mai ka zuba mata?"

Onni ya waiga wajen ɗakin ajiye itace, inda jarkoki uku suke jere babu komai a ciki.

A watan Agusta Raimo ya cika su da man dizal don wata tafiyar kamun kifi da ba a yi ba. Kowa a nan ya san man bazara daban, na hunturu daban, don na bazara daskarewa yake in sanyi ya tsananta, kuma gidajen mai da kansu suke canzawa da zarar sanyi ya kama. Shi ma ya sani. Amma jiya da yamma ya ga tanki ya kusa ƙarewa, gidan mai kuma yana da nisan kilomita ashirin da biyar, ga ƙanƙara tana zuba. Sai ya juye jarkokin. Ya ce wa kansa ai injin a ɗumame yake kwana.

"Wayar nan inji take ɗumamawa, ba tanki ba, malam mai dabara," in ji Onni. "Shekararka hamsin da biyar a garin nan. Ko baƙon da ya zo kallon ƙanƙara ba zai yi wannan ba."

"Ka bari sai gobe ka zage ni. Minti nawa?"

"Awa biyu, in ta ji tausayinka."

Suka ja motar da tarakta zuwa garejin Onni mai ɗumi. Dattijon ya jona batir a caji, ya sa na'urar hura iska mai zafi a ƙarƙashin tanki, ya tono wani matacin mai daga cikin tarkacensa. Ya zuba wa Raimo kofi, bai sha ba. Raimo yana ta kai da komo tsakanin ƙofa da mota, yana taɓa tankin da tafin hannu. Sau uku Sirkka ta kira, bai ɗauka ba. A na huɗu ya ce mata yana hanya.

Motar ta tashi ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin.

Ya isa Kuusamo sha biyu da rabi. Marjut ta tare shi a bakin ɗakin, ta ce tsohuwar ta cika sha biyu da minti biyar. Ta ce ba ta wahala ba, kuma ita ta riƙe mata hannu. Ya tambaya ko ta neme shi. Marjut ta ce duk lokacin da aka buɗe ƙofa tsohuwar takan juyo da kai.

Yana zaune a gefen gadon, rigar sanyinsa tana warin dizal, Sirkka ta sake kira.

"Ka same ta, Raimo? Ta gane ka?"

Ya gaya mata gaskiya. Sai ta kashe wayar.

Mai karatu, mota ba ta zaɓen ranar da za ta ƙi tashi. Ka zuba mata man da ya dace da lokaci, in kuma ta mutu kada ka yi ta murɗa makulli har batir ya ƙare. Ƙyuyar minti arba'in ta jiya ita ta hana Raimo sallama da mahaifiyarsa.