Karan da Gara ta Cinye

Shekara tara na yi ina aikin gini a ƙasar Larabawa, inda ko kukan sauro ba ka ji. Kwana goma sha biyu da dawowata gida zazzaɓi ya kayar da ni. Ina kwance ina karkarwa, ina jiyo Haladu, ɗan baffana da ya riƙe mini gona duk shekarun nan, yana ta raha a tsakar gida, lafiyarsa ƙalau. Sai zuciya ta fara kitsa mini magana: wa dawowata ta ɓata wa lissafi in ba wanda gona za ta fita hannunsa ba? Na daina taɓa furar da matarsa ke aiko mini. Na ɗaure jakata, na ƙudura da zarar na miƙe zan faɗa masa a gaban mutane cewa an sa mini wani abu, in koma inda na fito.

Kawu Tanimu, wanda ya tsufa yana aiki a ɗakin shan magani na garinmu, ya zo duba ni. Ya dubi jakar, ya dubi ƙwaryar da faifanta a rufe.

"Sallau, har yanzu ƙafar nan taka ba ta daina ƙaiƙayi ba? Ita kuma furar me ta yi maka?"

"Kawu, ni fa ba yaro ba ne. Gida cike da mutane, me ya sa sai ni kaɗai?"

Ya jawo ƙwaryar, ya kurɓa har sau uku, ya goge gemu, ya ce in saurara.

An yi wani mai lambun albasa a bakin fadama, in ji shi. Ya kewaye lambun da shingen ƙaya, ya ajiye kare, ya kuma ɗauki wani tsoho mabiyin sawu. Karen ba ya tambaya. Ɓarawo ne, akuya ce, baƙo ne mai neman hanya, duk haushi da cizo, in ya taso kora har albasar ubangidansa yake tattakewa. Tsohon kuwa sanyin jiki gare shi. Wata ranar kasuwa da gari ya yi shiru, ɓarawo ya sami kafa a shinge ya cika buhu, kare ya yage masa riga amma ya tsere. Tsoho ya tsuguna kan sawun, ya auna shi da karan dawa, ya karya daidai tsawonsa, ya tsaga shi a inda babban yatsa ya karkace. Kwana bakwai yana zagaya mashaya da bakin kasuwa yana gwada karan nan a ƙasa kafin ya kama mutumin. Da ya gama bai yar da karan ba, sai ya soke shi a jinkar bukkar lambun. A hankali jinka ta cika, kowane ɓarawo da karansa. Wanda duk ya kuskura ya dawo, kafin ya tuge albasa goma an riƙe masa wuya.

Sai mai lambu ya tashi da karensa da tsohonsa zuwa wata ƙasa mai duwatsu, inda ɓarayin fadama ba sa zuwa, ya bar wa maƙwabcinsa ban-ruwa. Ya daɗe. Da ya dawo, bai cika mako biyu ba aka shiga lambunsa. Kare ya haukace, ya kwantar da rabin shuka. Tsoho ya miƙa hannu jinka, sai gari ya zubo masa a fuska: gara ta cinye karan tas, dole ya sake tsugunawa kamar ranar farko. Mai lambu ya leƙa ta kan shinge ya ga albasar maƙwabci tsaye kore shar, ya ce a ransa, ai ga ɓarawona nan. Bai san maƙwabcin ma ana shigar masa ba, sai dai shi ma yana da nasa tsohon, wanda kullum yake cikin sabunta kara. Ya ɗebo laka ya toshe hanyar ruwan da ta haɗa su, wai ya raba gari da macuci. Ruwan kuwa daga wajen maƙwabci yake gangarowa. Abin da kare ya bari, ƙishi ya ƙarasa. Ranar da tsoho ya kamo ɓarawon, wani ne can daga tsallaken rafi, babu sauran abin da za a tsare.

Kawu ya ɗora tafin hannunsa a goshina. "Wannan zafin da ke gasa ka, karenka ne ke haushi, fatarka ce shingen. Tsohon yana cikin jininka, shi ne mai tuna kowace cuta da ya taɓa kokawa da ita, amma shekara tara ba sauro, karan wannan ɓarawon ya zama gari. Haladu ma ana cizonsa, yakan kwanta, sai dai ba irin taka kwanciyar ba. Wannan ɓarawon kuma ba ya jiran kwana bakwai. Tashi a gwada jininka yau, a taya tsohon da magani. Ga Haladu can tun ɗazu ya tada babur yana jiranka, ko karyawa bai yi ba."

Na dubi jakata a ɗaure, na dubi ƙwaryar da ya rage mini rabi. Ya turo mini ita da ƙafa, ya ce in sha kafin in toshe ruwan da ke gangaro mini. Hausawa dai sun riga sun faɗa: rashin sani ya fi dare duhu.